Nobar da Ta Ɓatar da Kabarin Ramatu

A Hillar Adam, kudu da Wad Madani, in ka tambayi gidan Ɗanjuma sai a tsaya ana kallonka, don masu wannan suna sun yi yawa a garin. Amma ka ce gidan mai jazba, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka. Sunan ya bi shi tun yana saurayi har furfura ta cinye masa gemu, kuma bai so shi ko na yini ɗaya ba.

Garin na Hausawa ne, jikokin mahajjatan da suka taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a nan yankin Jazira, suka ce bari su tsinci auduga kaka ɗaya sannan su ƙarasa Makka. Har yau ana tsintar audugar. Shehu Adam da ya jagorance su yana kwance a hubbarensa gabas da gari, kuma a wurin maƙwabtansu Larabawa suka koyi yi masa noba. Duk Juma'a bayan la'asar akan fito da babbar ganga mai fatar sa, da 'yan faya-fayan tagulla da ake gwarawa, da korayen tutoci, maza su yi da'ira suna zikiri har rana ta faɗi.

Ɗanjuma ɗan ƙwadago ne, ubansa ma haka. Uban bai taɓa mallakar hawasha ba, wato gonar da hukumar noma ke yanka wa manomi, sai dai ya yi wa masu ita aiki. Shi ma a haka ya tashi, fartanya a kafaɗa, taɓo har gwiwa, yana buɗe wa ruwa hanya daga tur'a, magudanar da ke kawo ruwan Nilu, zuwa cikin kunyoyi. Gajere ne, mara yawan magana, ba ya faɗa da kowa sai wanda ya rage masa sukari a shayi. Karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. Da za a jera samarin garin a ce a nuna wanda zai zama waliyyi, ko uwarsa ba za ta nuna shi ba.

Wata Juma'a yana tsaye a da'ira kamar kowa, rabin hankalinsa ma yana kan wata kunya da ya bari ba ta sha ba. Ganga ta yi nauyi, tagulla ta shigo, muryoyin maza suka hau sama tare. Sai ya ji warin ƙonannen gashi. Ya waiga ko wani ya matso da kaskon turare, babu. Wani abu ya taso masa daga ciki zuwa maƙogwaro, tsoro ya rufe shi, tsoron da ba shi da dalili. Daga nan bai ƙara sanin komai ba.

Da ya dawo hayyacinsa bakinsa cike yake da ƙasa da jini, ya tauna harshensa, wandonsa a jiƙe, wani mai kirki ya lulluɓa masa koren mayafi. Tsofaffi sun kewaye shi, wasu har da hawaye. Halifan Shehu, Alhaji Abdulmuttalib, wanda a lokacin bai daɗe da gadon buzun ubansa ba, ya durƙusa ya kama hannunsa.

"Ɗanjuma, mi kag gani?"

"Ban ga komi ba, Halifa. Kaina na ciwo."

Halifa ya juya ga jama'a, fuskarsa cike da murna. "Kun ji ko? Haka suke. Wanda yag gani ba shi faɗi."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Jazba ce, in ji su, wato Allah ya fizgi bawansa zuwa gare shi har jiki ya kasa ɗauka. Da a kasuwa ya faɗi, ko a bakin tur'a, da tuni an kira abin da sunansa, farfaɗiya, an janye yara kada yawunsa ya taɓa su. Amma a tsakiyar da'ira ya faɗi, a gaban hubbaren Shehu, ana cikin ambaton Allah. Wa zai buɗe baki ya ce ciwo ne?

Abin bai tsaya a Juma'a ɗaya ba. Akwai masu faɗuwa a da'irar tun kafin shi, amma su sukan duba inda babu tsakuwa tukuna, su sauka a hankali, su tashi da rawaninsu a kai. Ɗanjuma kuwa timawa yake yi da ƙasa kamar buhun dawa da ya faɗo daga mota. Ya fasa goshi, ya karya haƙori, ya taɓa goce kafaɗa. Mutane suka ce ga shaida nan, na gaskiya ke nan. Akwai kuma wata ƙa'ida da suke riƙe da ita: in mai jazba yana ƙasa ba a tsayar da noba, don wai da sautinta ruhinsa ke gane hanyar dawowa. Saboda haka yana shure-shure, ana ƙara wa ganga wuta.

Ba za a ce sunan bai yi masa rana ba. Mata suka riƙa kawo jarirai ya tofa musu, ana ɗibar ƙasar inda ya faɗi ana jiƙa wa mai zazzaɓi. Wani mai hawasha ya ba shi noman raba-daidai, abin da ubansa ya mutu bai samu ba. Ranar da ya manta ya bar ruwa a buɗe har ya cinye gyaɗar maƙwabcinsa, maƙwabcin cewa ya yi ruwan albarka ne, ko da yake gyaɗar ta ruɓe tas. Duk wanda ya tambaye shi abin da yake gani, amsa ɗaya yake bayarwa, ban ga komai ba, su kuma su gyaɗa kai su ƙara girmama shi. Tun yana jin haushi har ya gaji ya bari.

Wadda ta fara yarda da maganarsa ita ce Ramatu, mai yin kisra, wata siririyar wainar dawa, a bakin tasha, wadda ya aura bayan sun daɗe suna musu a kan ko kisrarta ta cika tsami. Doguwa ce, ta fi shi da tafi guda, mai dariya da ƙarfi, bakinta ba ya ajiye magana. Ita ke wanke wandon. Ita ke ganin yadda yake tashi ran Asabar yana lalube, bai san inda ya jingine fartanya ba, bai tuna cewa ƙanwarsa ta zo ta kwana ta tafi ba.

"Wane irin waliyyi na wanga," ta ce masa wata safiya tana miƙa masa shayi, "da ba shi tuna inda yab bar takalminai?"

"Na faɗa musu, Ramatu. Ba su ji."

"To ni na ji."

Ya daɗe yana kallon kofin. Bai taɓa sanin cewa a yarda da maganar mutum yana da daɗi haka ba.

Ita ce kuma ta lura ba kowane kiɗa ke kayar da shi ba. Dalluka, gangar mata a gidan biki, ba ta yi masa komai, mawaƙan rediyo ba su dame shi ba. Noba ce kawai, daidai inda ganga da tagulla da muryoyi ke haɗuwa. Amma sanin bai hana komai ba, don ba yadda za a yi mai jazba ya ƙi zuwa da'ira. Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Suka sami 'ya ɗaya da ta rayu, Raihana, kowace Juma'a kuma sai ta tafi da wani ɗan abu daga cikin kansa.

A Wad Madani haƙurin Ramatu ya ƙare. Sun shiga raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, za su kasuwa, wayar direban ta yi ƙara, ashe noba ya sa mata a matsayin kira. Ba da'ira, ba tuta, ranar ma ba Juma'a ba ce, Ɗanjuma ya sandare ya faɗo kan kwalta. Daga nan ba gida ta mayar da shi ba, asibiti ta nufa da shi.

Likitar mace ce. Ta manna masa wayoyi a kai, ta sa aka kunna masa nobar kaɗan tana kallon zanen da na'ura ke yi, sannan ta kashe da sauri. Ta ce farfaɗiya ce, irin wadda ba a cika gani ba, wadda wani kiɗa na musamman ke tayarwa. Ta rubuta masa 'yan ƙwayoyi farare, safe da yamma. Ta ce ya nisanci gangar nan, don faɗuwar da ta daɗe tana iya goge abin da ke cikin kai, wani ya dawo, wani kuwa ya tafi ke nan.

Garin bai ji daɗi ba. Halifa ya zo har gida, cikin ladabi kamar yadda ya saba, ya ce daktora tana da na'urarta, su kuma suna da Shehunsu. Mata suka ce Ramatu ta toshe wa gari ƙofar albarka, har wasu suka daina sayen kisrarta. Ta ce su je su ci tuwo.

Daga nan Juma'ar Ɗanjuma ta canza. In an sauko daga masallaci sai ya ciro auduga, ya shafa mata man riɗi, ya toshe kunnuwa, ya nufi can ƙarshen hawasha inda sautin ba ya kaiwa. Ramatu ta biyo shi da buta da garwashi. Su zauna a gindin darbejiya, ya cire audugar, ta dafa shayi, ta yi ta kwaikwayon fasinjojin tasha yana dariya har rana ta faɗi. Shekaru masu yawa bai faɗi ba. Kansa ya zauna. Ya aurar da Raihana ga Nasir, wani mai shago a Rusairis, kuma ya riƙe sunan kowane baƙo da ya zo bikin. In ka tambaye shi, waɗannan shekarun ne kaɗai ya san ya yi a duniya.

Sai yaƙi ya sauko Jazira. Da Wad Madani ta faɗi, mutanen Hillar Adam suka watse, kowa da inda ƙafarsa ta nufa. Ɗanjuma da Ramatu suka kama hanyar Rusairis wurin 'yarsu, wadda ke da tsohon ciki, wani wuri a amalanken jaki, wani wuri a ƙasa. Ramatu ta taso da zazzaɓi tun daga gida, ta ɓoye. Sun haye kogi, sun bi hanyoyin gonaki marasa suna har sun kusa Suki, ta ce ya bari ta ɗan kishingiɗa a inuwa. Ta ce kada ya manta da ƙwayarsa ta yamma. Maganarta ta ƙarshe ke nan a duniya.

Waɗanda ke gudu tare da su ne suka yi mata sutura, mutanen da bai san sunan ko ɗaya ba. Mata suka kare ta da mayafai suka wanke ta da ruwan tur'a, maza suka aro fartanya a wata bukka, aka yi mata salla, aka rufe, kowa ya ɗauki kayansa ya wuce don ana jin harbi daga nesa. Ɗanjuma ya tsaya. Ya san ƙasar noman ruwa, ya san ko'ina kama ɗaya ce, kuma damina ɗaya ta isa ta shafe tudun kabari a wannan baƙar ƙasa. Don haka ya yi abin da yakan yi in zai gane iyakar gona. Ya jingina bayansa da bagaruwar da ke kanta, ya duba gaba, ya ga hasumiyar wani masallaci can nesa ta faɗo daidai bayan ɗakin famfo mai rufin kwano. Ya matsa dama, suka rabu. Ya dawo, suka haɗu. Ya zuba wa wurin ido, da karkatar reshen, da lanƙwasar tur'ar, har ya tabbata sun zauna masa a kai, sannan ya tafi.

Raihana ta gan shi a ƙofa shi kaɗai, da ƙullin kayan uwarta a hannu. Larabci ya fi zama mata a baki, kamar yawancin tsararrakinta, amma ranar, ban da sunayen da ta saba kiran iyayenta da su, da Hausa ta tambaye shi.

"Yaba, ina Yumma?"

Ya faɗa mata a tsaye, don bai san yadda ake faɗar irin wannan a zaune ba.

Ta haihu, aka sa wa yarinyar sunan kakarta, amma zuciyar Raihana ba ta kwanta ba. Ta ce ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba, kullum ji take kamar uwarta za ta ɗaga labule ta shigo tana faɗa. Ya kwatanta mata wurin, bagaruwa da hasumiya da ɗakin famfo, ya maimaita har ta haddace. Nasir, wanda ke sarin kaya a yankin, ya ce cikin girmamawa, "Baba, irin wurin nan a gonakin Suki ya fi a ƙirga."

"Na sani," in ji Ɗanjuma. "Ku dai kai ni. Idona ya san shi." Ya dubi 'yarsa. "Ni zan tsai da ke a kanta, Raihana. Alkawari na."

Kafin ta gama jego ta yi ƙwari, faɗa ya kai Suki, hanya ta rufe. Ƙwayoyin suka ƙare, aka zaga shagunan magani ba a samu ba. Ɗanjuma ya koma rayuwa kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono a cike. Ba ya shiga raksha, ba ya zama kusa da mai waya, auduga ba ta barin aljihunsa. Kullum bayan sallar asuba sai ya rufe ido ya koma gindin bagaruwar, ya duba ko komai na nan. Komai na nan.

Da ƙura ta lafa aka ce mutane su koma, ya bi motar maza da suka tafi duba gidaje. Suka yi da Raihana za su haɗu a tashar Suki wata Lahadi, ita daga Rusairis, shi daga gida. Hillar Adam da ya tarar ba ita ya bari ba. An kwashe komai, har ƙyauren ɗakinsa an ɓalle, sai buhu ya rataya a ƙofar. Tur'a ta bushe ta tsattsage. Kusan kowane gida da wanda bai dawo ba. Yana share tsakar gida ya taka tsohuwar ƙusa, ƙafar ta kumbura har ba ya iya nisa sai da sanda.

Ana saura 'yan kwanaki Lahadin ta zo, Halifa ya shigo. Ya tsufa ƙwarai, yaƙin ya cinye masa 'ya'ya maza biyu. Ya zauna a ƙasa don babu abin zama.

"Malam Ɗanjuma, Juma'ar nan za mu hidda noba. Tun da munka dawo ba a taɓa ta ba. Mutane sun mutu a tsaye, wallahi. In sunka gan ka cikin da'ira za su san Shehu bai bar mu ba."

"Halifa, ka yi min rai. Ba ni da magani. Akwai abin da nika riƙe da shi cikin kaina, na ɗiyata na, ran Lahadi zan kai mata. In na ba ta, halas, shi ke nan, ku yi yadda kunka so da ni."

Halifa ya dubi ƙafar da ke naɗe da tsumma, ya girgiza kai. "Malesh, yi haƙuri. Allah shi ba ka lahiya."

Ɗanjuma ya ɗauka an ji shi. Bai kamata ya ɗauka haka ba, mutumin da ya shekara arba'in yana magana ana jin wata daban. Abin da Halifa ya gani shi ne bawan Allah mai tawali'u da kumburarriyar ƙafa, wanda ba zai iya takawa zuwa hubbare ba kuma yana jin nauyin faɗa. A garin kuwa akwai al'ada: in babban ɗan da'ira ya kwanta ciwo, noba ce ke zuwa gaishe shi har ƙofar gida. Girma ne babba, ba kowa ake yi wa ba. Halifa ya fita yana share ƙwalla, yana jin daɗin alherin da ya ƙudura.

Ran Juma'a ƙafar ba ta bar shi ya kai ƙarshen hawasha ba. Bai damu sosai ba, don gidansa a yamma yake, hubbare a gabas. Ya toshe kunnuwa, ya shiga ɗaki, ya saki buhun, ya zauna a lungu. Da farko bai ji komai ba. Can sai ya ji ƙasa na bugawa a ƙarƙashinsa, a hankali, sannan da ƙarfi. Auduga tana tare kunne, amma babbar ganga ta ƙirji take shiga. Ya ɗaga buhun ya leƙa, ya ga korayen tutoci sun karyo kwanar layinsu, gari duka a bayansu.

Ya fito da sanda yana ɗingishi, ya ɗaga hannu biyu. "Ku bari! Don Allah ku bari!" Ba wanda ya ji. Hannuwa suka gani a sama, mai jazba ya fito tarbar noba, mata suka rangaɗa guɗa, makaɗan suka ƙara ƙaimi. Da'ira ta rufe shi a ƙofar gidansa. Tagulla ta shigo, muryoyi suka hau. Warin ƙonannen gashi ya zo. Ya runtse ido ya ruga gindin bagaruwar, ya kama ta da duk abin da ya rage masa, yana faɗa a fili, bagaruwa, hasumiya, famfo, Ramatu. Waɗanda ke kusa suka ce zikiri yake yi.

Bai taɓa irin wannan faɗuwar ba. Jiki ya saki kaɗan, kafin ya farka wata ta sake kama shi, sannan wata. Su kuwa ƙa'ida ita ce ƙa'ida, ba a tsayar da noba mai jazba na ƙasa. Makaɗi ya gaji wani ya karɓa. Mutanen da suka binne 'ya'yansu suna kuka suna bugawa, da zuciya ɗaya, don su nuna wa ruhinsa hanyar gida. Kiran sallar magariba ne ya tsayar da su.

Ya yi kwanaki bai san inda yake ba. Da ya buɗe ido sosai, wata mace ce zaune kusa da shi tana yi masa fifita. An aika wa Raihana, ta zo.

"Ramatu, ba ni ruwa."

"Yaba, ni ce."

Ya dube ta da kyau. "Raihana. Yaushe kika zo? Ina uwarki, ta tai tasha?"

Haka ta zauna ta faɗa wa ubanta abin da shi ya faɗa mata a ƙofar gidanta. Ya yi kuka irin na wanda ya ji yau, don a wurinsa yau ɗin ne.

A makon nan aka gama gyara, ruwa ya dawo tur'a. Ba sai an faɗa maka wanda garin ya ce ya jawo shi ba. Aka yi ta sintiri da akushi, aka kwashe ƙasar ƙofar gidansa har ta yi rami. Halifa ya zo ya kama hannunsa ya ce tun da yake bai ga jazba irin wannan ba, ya tambaye shi abin da ya gani. Ɗanjuma ya juya fuska ga bango.

Wasu abubuwan sun dawo a hankali. Ya tuna gudun, ya tuna nauyin fartanyar aro, ya tuna ta ce kada ya manta da ƙwayarsa. Sauran kuwa fili ne fetal. Bai gaya wa Raihana ba. Ya ce a ransa in ya je ya tsaya a wurin, ido zai tuna.

Da ƙafar ta yi sauƙi suka shiga mota zuwa Suki. Raihana na goye da ƙaramar Ramatu, ta riƙo jarkar ruwa da ƙullin dawa da za ta watsa wa tsuntsaye a kan kabarin, sadaka ga uwarta. Suka bar kwalta suka shiga gonaki. Ita ke karanta masa kwatancen da ya koya mata, kalma bayan kalma, yana saurare kamar labarin wani. Maganar na nan a bakinta. Hoton ne babu.

Suka sami wurin da hasumiya ta faɗo bayan ɗakin famfo. Ya jingina da bagaruwar, ya duba, ya jira. Bai ji komai ba. Ya ce su ƙara gaba. A wata tur'ar suka sami wani, shi ma da bagaruwarsa da hasumiyarsa. Nasir bai yi ƙarya ba. Rana ta karkata, yarinya ta yi kuka ta gaji ta yi barci, jarkar ta kankare wa Raihana hannu amma ta ƙi ajiyewa. A wuri na gaba ya sake jingina, ya matsa dama, ya dawo, yana roƙon Allah a ransa ko da karkatar reshe ɗaya ce a mayar masa. Da ya juyo ya ga yadda take kallonsa, leɓenta ya bushe, idonta cike da jira.

"Nan ne," ya ce.

"Ka tabbata, Yaba?"

"Na tabbata."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ita 'yar Ramatu ce, a gidan da ake yarda da maganarsa ta tashi, kuma bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ta durƙusa ta dafa ƙasar da tafin hannu biyu, kukan da ta riƙe tun a Rusairis ya ɓalle. Ta zuba ruwan, ta watsa dawar, ta kwance goyon ta nuna wa ƙasa fuskar yarinyar, tana magana da Larabci da Hausa a haɗe, tana gaya wa uwarta duk abin da ya faru a bayanta.

Ɗanjuma ya tsaya a bayanta da hannuwa a ɗage kamar mai addu'a. Idonsa na kan bagaruwoyin da suka jeru a bakin ruwa har inda gani ya ƙare. Ramatu na ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu, ko ma a wata tur'ar can daban, ba mai zuba mata ruwa, kuma duk duniya babu sauran wanda ya san inda take.

Tsuntsaye suka sauko suka fara tsintar dawar. Raihana ta yage bakin mayafinta ta ɗaure a reshe don kada wurin ya ɓace mata. Ta share ido, ta ce yanzu hankalinta ya kwanta, baɗi in Allah ya kai mu za su dawo tare.

Ya ce to.